Garwa Talatin na Man Zaitun

Ranar da aka dawo da mai daga injin matsa, Kanella ce ta tsaya a bakin sito tana ƙirgawa. Garwa arba'in da ɗaya, bayan mai injin ya cire kasonsa. Ta zaro alli daga aljihu ta bi talatin daga ciki, tana rubuta harafin farko na sunanta a gefen kowace.

"Waɗannan na banki ne," in ji ta. "Goma sha ɗayan can na gida."

Ƙanenta Lambros yana zaune a bayan a-kori-kura yana busa taba. Ya kwashe da dariya.

"Mama, zo ki ga 'yarki ta zama jami'ar kwastan. Saura ta buga mana hatimi a goshi."

Mahaifiyarsu Garifalia ta leƙo daga kicin, hannunta duk gari. "Ki daina zana wa abinci alli, ba kyau. An ce miki za a biya, za a biya."

Abin da za a biya ɗin bashin katin banki ne, irin katin da ake sayayya da shi a biya daga baya. Da sunan Kanella aka karɓi katin, domin a gidan ita kaɗai ke da albashin da za a iya nunawa a takarda. Tana karɓar kuɗi a wani babban kanti a birnin Kalamata, ta tafi da bas ɗin safe ta dawo da na yamma. Da katin aka sayi kujeru da injin kofi na shagon Lambros, da shi aka yi bikin baftismar ɗansa, da shi aka sa marmara a kabarin mahaifinsu. Ita kanta abin da ta saya da shi bai wuce takalmi da tabarau ba. Bashi ya kai Yuro dubu goma sha tara, banki ya gaji ya miƙa shi ga wani kamfanin karɓar bashi, kamfanin kuma ya yi yarjejeniya da ita: ta biya dubu takwas, a yafe sauran. Shekara biyu ke nan tana yankar albashinta kowane wata. Yanzu kaso ɗaya ya rage, babba, dubu biyu da ɗari huɗu, kafin ƙarshen Janairu. A shafi na biyu akwai layin da ta haddace: idan aka saɓa kaso ko da ɗaya ne, yarjejeniya ta rushe, abin da aka yafe ya dawo har da kuɗin ruwansa.

A gida ma an yi yarjejeniya, sai dai ba a rubuta ba. Ranar Ista, ana cin gasasshen rago, Lambros ya dafa ƙirji ya rantse da ƙasusuwan babansu cewa man bana na kason ƙarshe ne. Garifalia ta yi alamar gicciye ta ce ita ce shaida. Don haka Kanella ta ɗauki hutunta na shekara a watan Disamba, ta ƙarar da shi a gona tana jan raga a ƙarƙashin itatuwa, tana tsince ganye daga 'ya'yan zaitun har yatsunta suka daina lanƙwasuwa. A lokacin garwa ɗaya Yuro tamanin ce. Talatin sun isa cif.

Ta so a sayar a makon. Ta kira Sotiris, dillalin da ke zuwa ƙauyen da babbar mota.

"Kiriya Kanella, na gode da kika tuna da ni," ya ce, ya haɗa da Kiriya, lakabin girmama mace a wurinsu. "Amma maganar mai da ƙanenki nake yi, kamar yadda na saba yi da babanku. Kada ki sa ni tsakanin 'yan'uwa."

Lambros kuma ya ce a jira. Bayan Sabuwar Shekara farashi zai tashi, 'yan Italiya za su shigo kasuwa, wannan kowa ya sani.

"Ni ban nemi riba ba. Tamanin ta ishe ni."

"Shi ya sa kike ƙirga kuɗin wasu a kanti, ni kuwa nake da shagon kaina. Yaya, ki bar wa 'yan kasuwa kasuwanci."

Garwa biyu ne suka fara tafiya. Ta buɗe siton wata safiya kafin ta fita, ta ga gurbinsu a kan siminti, ƙura ta zana kusurwoyinsu.

"Na likita ne," in ji Garifalia, ba ta ko ɗago daga tukunyar kofi ba. "Mutumin da ya yi ta hawa tudun nan don babanki."

"Mama, Baba ya shekara huɗu da rasuwa."

"To, don ya rasu sai mu manta da alheri? Kowace shekara likita yana samun mansa."

"Me ya hana a ɗauka daga na gida?"

"Na gida? Mu ci me? Ga Lambros da matarsa da yaro, ga sanyi da sauransa. Biyu ne fa kacal, 'yata. Banki ba zai mutu don garwa biyu ba."

Kafin Kirsimeti huɗu suka hau bas zuwa birnin Atina, wajen ƙanwar Garifalia, wadda aka ce ba ta iya cin man kanti, yana tayar mata da ciki. Uku suka tafi gidan Papa Nikitas, limamin cocin ƙauyen, ɗaya don fitilun coci, biyu don teburinsa. Uku aka kai wa Manolis, wanda ya tsaya wa Lambros ranar aurensa, mutumin da ba a isa a tsallake shi ba. Kowace garwa da hujjarta, kuma babu hujjar da baƙuwa ce. Haka ake yi a kowane gida mai itatuwa: man farko yana fita ya gaida mutane kafin a yi maganar ciniki. Kanella ta san wannan tun tana yarinya, ita ce ma take rakiyar babansu rabo. Abin da ta lura da shi kawai, duk garwar da ta fita mai alli ce.

Ta fara tashi kafin ƙararrawar agogo. Ta shiga sito, ta ƙirga, ta fita, ta kai bakin hanya, ta dawo ta sake ƙirgawa. A cikin bas tana lissafi da yatsu a kan gwiwa. A kanti ta ba wata mata canji sau biyu, manaja ya kira ta ofis ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau. Wayarta tana aljihun rigar aiki, duk lokacin da wayar ta yi motsi sai ta zaro ta da sauri ta duba, ko da kuwa saƙon kamfanin waya ne.

Ta sayo kwaɗo ta sa wa siton. Da yamma ta tarar da mahaifiyarta zaune a kan matakala, ta yafa baƙin gyale, tana kuka a inda maƙwabta za su gani.

"A gidana! A gidan da na shiga ina amarya, yau 'yar cikina ce ke kulle mini ɗaki kamar ɓarauniya."

Lambros bai taɓa kwaɗon ba. Ya kawo sukudireba ya kwance ƙarfen da kwaɗon ke rataye a jiki, ya ajiye mata shi a kan gado, a kulle yadda ta bar shi.

Washegari garwa biyar suka tafi gidan surukansa.

"Suna riƙe mana yaro kullum," in ji shi. "Kin san nawa ake biyan mai reno?"

"Ka rantse da ƙasusuwan Baba, Lambros."

"Na rantse za a biya. Na ce miki da wane man? Ki kwantar da hankalinki, Janairu da sauran tafiya. Kuma waɗannan mutanen barazana ce kawai aikinsu. Wa kika taɓa gani an ɗaure don kati? Rabin Kalamata ana bin su bashi, kowa yana shan kofinsa."

"Ba sunanka ne a takardar ba."

"Ga ta nan! Kullum sunana, sunana. Sunan da ko miji bai ɗauka ba, wa zai sace miki shi?"

Garifalia ta ce, "Kai, Lambros," amma tana zuba masa miya a lokacin, kuma ba ta fasa zubawa ba.

Bayan Sabuwar Shekara 'yan Italiya ba su zo ba. Man kowa ya fito kasuwa, garwa ta faɗo zuwa saba'in da biyu. A tsakiyar watan Kanella ta buɗe sito ta ga masu alli bakwai ne suka rage. Shida sun fita jiya da rana, tana wurin aiki. Mai kawo wa Lambros garin kofi ya ce ba zai sake sauke buhu ba sai an rage masa tsohon bashi, ya kuma yarda ya karɓi mai.

"In aka rufe shagon, wa zai ci da iyalinsa?" in ji Garifalia. "Ke kina da albashi. Ke kaɗai ce, ba ki da wanda ke jiran ki. Shi namiji ne, yana fita cikin mutane."

"Ni ma mutane nake fita ciki, Mama."

"Ba ɗaya ba ne."

A lokacin hutun rana ta fita bayan kanti, inda ake tara kwalaye, ta kira kamfanin. Matar da ke riƙe da fayil ɗinta, Kiriya Zervu, muryarta a natse take kullum, kamar mai karanta labarai.

"Ina neman a ƙara mini wata ɗaya."

"Kiriya Kanella, kin yi ƙoƙari, ba ki taɓa makara ba, ina gani a gabana. Amma wannan ba a hannuna yake ba."

"In na kawo rabi fa?"

"Za a karɓa. Sai a cire shi daga tsohon bashin, domin yarjejeniya ta rushe ke nan. Zai koma sama da dubu goma sha uku, ban da kuɗin ruwa. Daga nan kuma lauyoyi ne, ba ni ba."

"Ba ni na ci kuɗin nan ba."

Matar ta ce, "Na sha jin haka, kuma sau da yawa gaskiya ne. Sai dai mu sa hannu ɗaya muke da shi, naki. Ki kawo kuɗin a kan lokaci, mu kuma za mu cika namu."

Kanella ta tsaya riƙe da wayar. Shekararta arba'in da huɗu. Ta lissafa yadda za ta kasance idan ta gama biyan dubu goma sha uku da irin albashinta, ta ga mace ce da ta kusa fansho. Ta koma ciki ta zauna a kujerarta, ta ce wa na gaba a layi barka da rana.

Ranar Asabar da safe Lambros yana barci, makullin a-kori-kura yana rataye a ƙusa. Ta ɗauka. Ta loda bakwai ɗin, ta tsaya tana duban na gida, sannan ta loda su ma, ta bar wadda aka riga aka buɗe. Garifalia ta fito da rigar barci.

"Ina za ki da man gida? Kanella! Ke nake wa magana!"

"Zan je in gaida mutane."

Gidan Papa Nikitas ta fara tsayawa. Yana tsakar gida yana ba kaji hatsi. Ta sumbaci hannunsa kamar yadda aka saba, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba: man da aka kawo masa ba na masu kawowa ba ne, an riga an yi alkawarinsa, ga harafin sunanta a jiki, tana so a mayar mata.

Tsohon ya dube ta, ya dubi matarsa da ta tsaya a ƙofa baki buɗe.

"Shekara talatin ina wannan ƙauyen, ba a taɓa zuwa karɓar kyauta a hannuna ba."

"Na sani, Papa. Ni ma ban taɓa yi ba."

"Mahaifiyarki ta san kin zo?"

"Tana bakin ƙofa tana tsine mini yanzu haka."

Ya ajiye kwanon hatsin. "Ta fitilu an riga an zuba, wannan sai ki nema wajen waliyyai. Biyun suna nan." Shi da kansa ya ɗauko ɗaya, yana nishi. Da ya ajiye a motar ya ce, ƙasa-ƙasa, "Na sha kofi a kan kujerun nan na Lambros. Ban taɓa tambayar wa ya saye su ba."

Likita ba ya gida. Matarsa ta saurara fuska a ɗaure, ta sa aka fito da garwa ɗaya, ta ce ɗayar an buɗe, ta shiga ta dawo da kuɗinta a ambulan ta miƙa da yatsu biyu. "Ki faɗa wa mahaifiyarki kada ta sake wahalar da kanta da mu," ta ce.

Manolis ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. "Ke Kanella, ashe haka kike? Ɗauki, ɗauki duka ukun, kafin ki ce in dawo da naman da na ci ranar bikin!" Ya taimaka mata lodi yana dariya, amma tun ba ta tayar da mota ba ta ga ya zaro waya.

A gidan surukan Lambros ko ƙofa ba a buɗe mata sosai ba. Uwar matarsa ta tsaya a tsakani.

"Abin da ya shigo gidan nan ya shigo. Mun ba ku 'ya, mun ba ku jika. Ki je ki nemi miji ki daina bin garwa gida-gida."

Ta kan kafaɗar matar Kanella tana hango garwa biyar ɗin a jere a ƙarƙashin matakala, an goge allin da tsumma, amma farin bai fita duka ba. Ta juya.

Ba ta kira Sotiris ba. Ta wuce Kalamata, wajen wani dillali a bayan tashar jiragen ruwa wanda bai san babanta ba, bai san ƙanenta ba. Ya ɗanɗana, ya auna, ya biya saba'in da biyu. Kuɗin bai kai ba. Ranar Litinin ta shiga ofishin manaja ta roƙi albashin watan gaba ɗaya tun kafin lokacinsa, ta haɗa, ta tsallaka banki a hutun rana. Ta sa mai karɓar kuɗin ya karanta mata lambar fayil ɗin da babbar murya, ta duba da tata, ta karɓi rasit, ta ɗauki hotonsa ta aika wa Kiriya Zervu tun tana tsaye a wurin.

Duk da haka ba ta zauna ba. Rasit yana nuna an biya, ba ya nuna an gama. Ta kira ta nemi takardar shaida mai hatimi, wadda za ta ce babu sauran ko sisi. Aka ce tana wajen sa hannu. Ta sake kira a mako na gaba, aka ce mai sa hannun yana hutu. Ta ci gaba da kira duk Litinin, har Kiriya Zervu ta fara gane numfashinta kafin ta yi magana. Watan nan a ƙafa take zuwa daga tasha zuwa kanti, abincin ranarta burodi da zaitun daga gida.

A gidan kuwa ba mai yi mata magana sai dole. Garwar da ta bari ta ƙare kafin azumin Ista. Garifalia ta aiki matar Lambros can wani kanti mai nisa ta sayo man kanti na cikin roba, ta rufe ƙofar kicin ta juye shi a tsohuwar garwa, don kada baƙo ya ga gidan masu itatuwa ɗari biyu yana cin man kanti. Ranar Lahadi ta daina zama kusa da 'yarta a coci.

A ƙauyen labarin ya zaga, kuma har yau ana ba da shi. Ana cewa Kanella ta Garifalia, wadda ta ƙwace mai daga hannun limami. Ana ba da shi a shagon Lambros ma, a kan kujerun nan, ana dariya. Babu wanda ke haɗawa da cewa ita ta biya kujerun. Kamfanin da kowa ke zagi, wanda ba ya sumbatar hannun kowa, ba ya aika kyauta, shi ne ya cika abin da ya sa wa hannu. Wanda ya rantse da ƙasusuwan ubansa bai kawo ko Yuro ɗaya ba, kuma ba a taɓa jin wani ya kira shi da wani suna ba.

Takardar ta iso a watan Maris. Kanella ta dawo da yamma ta tarar an riga an buɗe ambulan ɗin, takardar tana kan tebur kusa da faranti, an dafa wake irin yadda take so. Lambros ya miƙe ya ja mata kujera.

"Yaya, barka! Ba na faɗa miki za a biya ba? Ga shi, ko sisi ba sa bin ki."

Garifalia ta zuba mata abinci da hannunta, karo na farko tun Janairu. "Abin da ya wuce ya wuce, 'yata. Jini ɗaya ne."

Kanella ta karanta takardar a tsaye, daga sama har hatimi, sannan ta ninke ta.

"Na tambayi wani abokina da ke aikin banki," in ji Lambros, yana gutsurar burodi. "Ya ce tunda an rufe fayil ɗin, nan da ɗan lokaci sunanki zai wanke tas, za su iya sake ba ki kati. Ƙarami ma ya isa. Firijin shago ya fara ƙara, kuma bazara na zuwa. Man baɗi sai ya biya, na rantse da..."

"Bar Baba ya huta," in ji Kanella.

Ta sa takardar a jakarta ta ja zif. Garifalia ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ƙanenki ne fa. Suna kawai zai ara."

"Na sani, Mama. Dubu takwas na saye shi, da shekara biyu, da gaisuwar rabin ƙauyen nan. Ba na ba da shi aro."

Ta zauna, ta ɗora jakar a cinyarta, ta jawo farantin. Waken ya yi daɗi, sai dai da man kanti aka dafa shi, kuma duk wanda ke teburin ya san dalili.